Jarrabawar Tarihi: Kayan Bita Suna Nan Bakin Ƙofarmu

Jama'a masu saurare, na Karakara da Zabori da Junju, na Yelu da Bana da Bengu da Tunuga, da na cikin garin Gaya, har da ƴan uwa na ƙetaren iyaka, Kangiwa da Kamba da Malanbil, duk inda muryar nan ta iske ku. 

Sharhin yau na ɗalibai ne, musamman ƴan ajin ƙarshe na kwaleji masu jiran BEPC, da ƴan tarminal masu jiran Bak. Amma iyaye kada ku kashe rediyo, malamai kuma ku matso kusa, don rabin maganar taku ce. Darasi ɗaya zan ɗauka, tarihi, wanda a makarantunmu ake haɗa shi da labarin ƙasa a hannun malami guda. Darasi ne da yara da yawa ke bari sai daren jarrabawa, suna cewa ai hadda ce kawai, lissafi ne mai wuya. Ranar da sakamako ya fito kuma sai a ga maki 6 ko 7 cikin 20, a rasa inda aka yi ɓatan kai.

Duk wanda ya zauna a benci ya san yadda ake karatun tarihi a wurinmu. Mushe, wato malami, ya shigo, ya rubuta kan darasi a allo, ya yi ɗan bayani, sannan ya ce a ɗauko biro. Yana faɗa ana rubutawa har lokaci ya cika. Ban ga laifinsa ba. Aji ya cika maƙil, littafin tarihi kuwa na hannunsa ne kaɗai, wani lokaci ma da kuɗin aljihunsa ya saye shi. Me kake so ya yi? Da haka kaye, wato littafin rubutun ɗalibi, ya zama shi ne littafi, shi ne laburare, shi ne komai.

Kwanan baya wata ɗaliba ƴar turwaziyam, wato ajin ƙarshe na kwaleji, ɗiyar maƙwabci, ta kawo mini kayenta in yi mata tambayoyi. Rubutu tsaf, kanun darasi da jan biro, kowace shekara an ja mata layi a ƙasa. Na ce, yaushe aka yi taron Balin? Kafin in rufe baki ta ce daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885. Wa ya kira shi? Bismak. Madalla. Sai na juya da Hausa na ce mata, to ɗiyata, me ya sa kawunki na Kangiwa yake kashe naira, ke kina kashe sefa? Ta yi shiru, ta shiga buɗe kaye tana neman shafin. Babu shafin. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa darasin da ta haddace da iyakar da take ƙetarawa ranar suna ko biki magana ɗaya ce. Mai gyaran takarda kuwa abin da yake nema ke nan. Yana son ya ga ɗalibi ya san dalilin abu da abin da ya haifar. Shekara ita kaɗai rabin maki ma da ƙyar take kawowa.

Ga kuma matsalar lokaci, wadda ta fi damun mu nan kudu. Inda aji na zana ne, ba a fara karatu sosai sai an girbe hatsi an samu kara, wato Oktoba ta wuce. Yankin Gaya kuwa shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kuma damina na riga sauran ƙasar sauka a nan. Hadari ɗaya na watan Mayu ya isa ya tashi rumfa ya tashi karatu. A tsakani a cire ranakun yajin aiki, a cire na ɗalibai, a cire makonnin da aji ke zaune babu malami. Abin da ke faɗuwa a ƙarshe shi ne darussan ƙarshen manhaja, su ne kuwa sukan ƙunshi gwagwarmayar neman ƴanci da tarihin ƙasarmu na kusa. Sai ka ga yaro ya san juyin juya halin Rasha na 1917 daki-daki, amma ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ko kan darasinta bai rubuta ba. Wannan abu yana ci mini rai.

To, kuka kan rashin littafi mun daɗe muna yi, kuma zan sake yin sa kafin in sauka. Amma jarrabawa ba za ta jira a kawo littafi ba. Abin da nake son ɗalibi da malami su ji yau shi ne, mu mutanen Dallol Mawri da Dandi muna zaune a kan kayan bitar da ɗalibin Yamai ba shi da su. Rabin abin da ke cikin darasin mamayar Turawa a gonakinmu ya faru.

Mu ɗauki iyaka, tun da ita ce ta kayar da ɗiyar maƙwabcina. Malam, ba ka buƙatar komai sai alli da zare. Zana kogin Kwara a allo, sa ɗigo a Sayi, sa ɗigo a Sakkwato, sa ɗigo can gabas a bakin tafkin Chadi. Da farko ka gaya wa yara cewa taron Balin bai zana iyakarmu ba, ƙa'idojin wawason ya shimfiɗa, zanen ya zo daga baya tsakanin ƙasashe bibbiyu. Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, da sharaɗin duk abin da ke ƙarƙashin daular Sakkwato ya zauna a ɓangaren Ingila. Layin takarda ne, waɗanda suka sa hannu ba su taɓa taka ƙasar ba. Shekara takwas bayan haka, ranar 14 ga Yuni 1898, suka sake zama a Faris. A nan ne za ka ɗauko zarenka. Ka danne bakinsa ɗaya a kan Sakkwato, ka ɗaura alli a ɗayan, ka ja baka. Haka suka yi: da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato, wato kilomita 160 da ɗoriya. Daga kogi kuma, a arewa da Ilo, iyakar ta biyo tsakiyar Dallol Mawri har ta haɗu da wannan da'ira. Ku ji da kyau, ɗaliban Karakara da Junju: fadamar nan da iyayenku ke noman rake a cikinta, ita ce aka rubuta a matsayin iyakar Ingila da Faransa a 1898. A wancan zane, Ƙwanni a hannun Ingila take.

Me ya sa bai zauna haka ba? Saboda ruwa. Faransawa sun ga cewa in za su tafi daga kogi zuwa Damagaram ba tare da sun taka ƙasar Ingila ba, sai sun zagaya ta arewa inda rijiyoyi ke da nisa, ayari na wahala. Suka matsa a sake rabo. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta yarda ta ja da baya, Faransa kuma ta saki wani haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Niyufanlan, tsibirin da yau ke cikin Kanada. Aka ƙara daidaita zanen a 1906, sannan daga 1906 zuwa 1908 tawagar Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka tun daga Kwara har Chadi. Yaron da ya ga an ja wannan baka da zare a gabansa, ya kuma ji cewa kifin wani teku mai nisa na cikin abin da ya raba shi da kawunsa, ba zai manta 1890 da 1898 da 1904 ba har ya tsufa. In aka tambaye shi illolin rabon Afirka, ba sai ya nemi shafi ba.

Haka darasin turjiya. Littattafai sukan kawo Samori Ture da Behanzin da Rabe, kuma wajibi ne a san su. Amma ayarin Vule da Shanuwan, wanda Faransa ta tura zuwa Chadi, ta nan ya bi a farkon 1899. Junju ta ga wuta da kisa a hannunsa, har yau zuriyar waɗanda abin ya shafa suna neman Faransa ta amsa laifinta. Daga nan ya haura Arewa, ya yi karo da Sarauniya a Lugu ranar 16 ga Afrilu 1899, ya ragargaza Birnin Ƙwanni a watan Mayu. Labarin ta'asar ya kai Faris, aka turo Kanar Kulob ya karɓe jagoranci, Vule ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Vule da Shanuwan. Sauran ayarin ya ci Damagaram a ƙarshen watan, ya wuce har Kusiri inda Rabe ya faɗi ranar 22 ga Afrilu 1900. Ɗalibi ya ɗauki takarda ya zana wannan hanya gari bayan gari, ya rubuta wata a gefen kowane. Awa ɗaya ta isa, kuma ya gama da babi guda.

Sai dai a nan ina da jan kunne. Littafin Sarauniya da Abdullahi Mamani ya wallafa a 1980 ƙagaggen labari ne da aka gina a kan abin da ya faru. Fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, shi ma haka. Ku karanta, ku kalla, za su sa muku son darasin. Amma kada ku kwashe abin da marubuci ya ƙawata ku zuba a takardar jarrabawa a matsayin hujja. Sanin bambancin abin da aka tabbatar da abin da aka ƙaga, shi kansa yana cikin abin da ake auna ɗan tarminal a kai.

Akwai wani mutum da nake so ɗalibanmu da na Kabi ta Najeriya su riƙe tare, don shi ya haɗa jarrabawarmu da tasu ta WAEC da NECO. Alfa Saibu, malami makaho, shi ya jagoranci boren Kobkitanda a kudu da Doso a ƙarshen 1905 zuwa farkon 1906. Da Faransawa suka murƙushe boren, tare da taimakon mahayan Doso, sai ya ƙetara ya nufi Satiru kusa da Sakkwato. A can, ranar 14 ga Fabrairu 1906, talakawa da gatari da fartanya suka karya rundunar Ingila, kafin a dawo a watan Maris a share garin. Mutum ɗaya, Turawa iri biyu, shekara ɗaya. A ce an tambaye ka dalilan da suka sa turjiya ta kasa. Ga su nan cikin labarin: bambancin makami, rashin haɗin kan sarakuna da talakawa, tsohuwar gaba tsakanin maƙwabta wadda Bature ya yi amfani da ita, da kuma yadda Ingila da Faransa, duk da kishin da ke tsakaninsu, suke haɗa kai in an taɓa ɗayansu. Wasu daga cikin waɗannan ba su da daɗin faɗa, tun da sun shafi kakanninmu. A faɗe su duk da haka. Mai gyara yana son gaskiya, mu ma ita muke so yaranmu su sani.

Kafin zuwan Turawa ma ba mu rasa abin nunawa ba. Kanta na Kabi da ya ɓalle daga Askiya Muhammadu a farkon ƙarni na 16 ya kafa Surame. Sarakunan Sanwai da suka komo Dandi bayan yaƙin Tondibi na 1591 suka ci gaba da faɗa da Marokawa ƙarƙashin Askiya Nuhu. Shehu Usmanu da aka haifa a Maratta, cikin Nijar ta yau, a 1754, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Yakubu Nabame da ya ta da Kabi a 1849, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya a kan Gwandu. Gishirin Foga kuwa, wanda har yau mata ke dafawa, Bature Barth ya iske ana aikinsa da ya ratsa fadamar a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sayi, ya rubuta shi a littafinsa. Darasin kasuwancin da, ga shi a kasuwa ana aunawa.

Yanzu bari in zo kan tsofaffinmu, don su ne laburaren da ke rufewa kullum ba mu ankara ba. Ɗalibi, in ka koma gida yau, ka zauna kusa da kakarka ka tambaye ta sunayen yunwa. Mutanenmu ba su riƙe shekara da lamba, da suna suke riƙe ta. Za ka ji Kakalaba, ita ce ta 1913 zuwa 1914, daf da yaƙin duniya na farko. Za ka ji labarin shekarar fara, 1931, lokacin da fara ta cinye hatsi a yammacin Nijar, Bature kuma bai sassauta haraji ba, ga tattalin arzikin duniya ya karye tun 1929. Ka ga darasin da kake ɗauka na Amurka ne ya iso har rumbun kakanka. Za ka ji farin 1973 da 1974, wanda ke cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya hau. Za ka ji El Buhari, ta 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da canjin takardun naira. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin zafinta. Ka tambayi tsoho labarin da ya ji daga mahaifinsa game da aikin tilas, da yadda gida guda kan tashi da dare ya ƙetara ƙasar Ingila don gudun haraji da ɗaukar soja. Sannan ka buɗe kayenka ka ga dokar Hufuwe Buwanyi ta 11 ga Afrilu 1946 da ta soke aikin tilas. Daga ranar ta daina zama layi a kaye, ta zama ranar da wani naka ya huta.

Ko darasin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda yara ke haddace rassanta suna hamma, yana da ƙofa a nan. Tsibirin Lete da ke cikin kogi sama da Gaya ya haddasa rikici tsakanin Nijar da Dahome tun farkon shekarun 1960. Kotun Duniya da ke Heg, ɗaya daga manyan rassan Majalisar, ita ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005 cewa Lete na Nijar ne, ƙasashen biyu kuma suka karɓa. In aka ce ka kawo misalin aikin Majalisar wajen sasanta rikici, ga naka na gida.

Kada wani ya ji ni ya ce na hana hadda. Shekaru dole ne a riƙe su. Shekara a tarihi turke ce, labari shi ne dabbar da ake ɗaurewa a jikinta. Turke babu dabba ba ya amfanin komai, dabba babu turke kuma ta shiga gonar wani. Don haka kowane aji ya samu doguwar takarda, ko bayan kwali ne aka haɗa, a manna a bango. Layi biyu: sama abin da ya faru a duniya, ƙasa abin da ya faru a Nijar. Sama 1914 zuwa 1918, ƙasa Kawusan ya kewaye Agadas a 1916 zuwa 1917. Ƙasa 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka, 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Sama taron Barazabil na 1944, ƙasa kafa jam'iyyar PPN a 1946. Sama dokar Defer ta 1956, ƙasa Jibo Bakari da Sawaba suka ce a'a a ƙuri'ar 1958, eh ta rinjaya, aka kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ƴanci ya zo ranar 3 ga Agusta 1960. Yaran da kansu za su rubuta, ba malami ba. Hannun da ya rubuta ya fi idon da ya kalla riƙewa. A gida ma kowa ya yi nasa ƙarami ya liƙa inda yake kwana.

Sai tsofaffin tambayoyin jarrabawa, waɗanda ɗalibai ke kira anal. Ban san kayan bita da ya kai su amfani ba, in an yi aiki da su yadda ya kamata. Yawancin yara amsar suke karantawa su haddace, suna fatan tambayar ta dawo. Hanyar ita ce ka rufe amsar, ka sa agogo, ka zauna ka rubuta taka kamar kana ɗakin jarrabawa, sannan ka buɗe ka gwada. Kafin ka sa biro a takarda ka karanta tambayar sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin abin da aka nema. Dalilai aka ce ko sakamako? Daga wace shekara zuwa wace? A Afirka duka ko a Nijar kaɗai? Yara nawa ne suka cika shafi huɗu da labarin yadda yaƙi ya gudana alhali abin da ya haifar aka tambaye su! Ɗan Bak kuma ya san aikinsa kashi uku ne: gabatarwa mai faɗin inda aka dosa, gundarin bayani da aka raba kashi-kashi kowane da misalinsa da shekararsa, da kammalawa mai amsa tambayar. In sharhin nassi ne aka ba ka, tambayoyi huɗu za ka fara yi wa takardar: wa ya rubuta, yaushe, wa yake yi wa magana, me yake so a yarda da shi. Rahoton kwamandan Bature a kan wani bore ba zai taɓa kiran masu boren jarumai ba, kuma ana son ka lura da haka ka faɗa.

Ga maganar harshe. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma yawancin ɗalibanmu da Faransanci za su rubuta amsa. Shawarata ita ce a fahimta da harshen gida, a rubuta da na jarrabawa. Fadar nan da kuke zama kuna shan shayi har tsakar dare, ku mai da ita wurin bita ko sau biyu a mako. Mutum huɗu ko biyar sun isa, in sun fi haka hira ce. Kowa ya ɗauki darasi ɗaya, ya rufe kaye, ya bayyana wa sauran da Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci, su yi masa tambayoyi. Inda ya kakare, nan ne bai gane ba. Bayan haka kowa ya rubuta sakin layi ɗaya da Faransanci, a yi musayar takardu a gyara wa juna. Ƴan mata su ma su haɗa nasu a gidan ɗayansu da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan aiki tun yanzu ake fara shi.

Waya kuma, alheri ce in an san abin da ake nema. Darasi ɗaya da malami ya ɗauka da muryarsa zai iya zagaya ƙauye goma ta WhatsApp ko ta katin waya, har inda babu intanet. Amma ku kula: yawancin takardun da ke yawo a rukunonin ɗalibai na Senegal ne ko Kodebuwa ko Kamaru, wasu ma na Faransa. Yaƙin duniya ɗaya ne a ko'ina, amma manhaja ba ɗaya ba ce, kuma ba za ka samu Kobkitanda a takardar Dakar ba. Duk abin da ka sauke, nuna wa malaminka kafin ka ɓata dare a kansa. Masu cewa kuma a turo kuɗi su ba da tambayoyin bana, ɓarayi ne. Wanda aka kama da satar amsa shekararsa ta tafi, sunan gidansu ma ya taɓu.

Na ce zan koma kan littafi. Nijar ba ta rasa masana tarihi ba. Bubu Hama ya bar rubuce-rubuce masu yawa. Andire Salifu ya rubuta tarihin Damagaram da na Kawusan da na Nijar gaba ɗaya. Jibo Hamani ya yi na Adar da na Ayar. Kimba Idrisa ya yi aiki a kan yammacin Nijar da turjiyarta, wato mu ke nan. A Yamai akwai IRSH da CELHTO, inda aka adana muryoyin tsofaffi da tsofaffin takardu, akwai kuma INDRAP da aikinta shi ne tsara littattafan makaranta. UNESCO ta fitar da babban tarihin Afirka, Yusufu Ki-Zerbo na Burkina na cikin jagororinsa. Ilimin yana nan, hanyar da zai bi ya iso Karakara ce babu. Ba na roƙon a ba kowane yaro littafi a bana, na san ba zai yiwu ba. Ina roƙon kowace kwaleji ta samu akwati ɗaya mai makulli: littafin manhaja ko guda goma, taswirar Nijar da ta Afirka, tambayoyin shekarun baya da aka buga aka ɗinke. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da ofishin magajin gari, in sun haɗa hannu, wannan bai fi ƙarfinsu ba. Ƴan kasuwarmu na Gaya da ƴaƴan yankin nan da ke aiki a Yamai da Kwatano da Legas, ga sadaka mai gudana a gabanku. Maƙwabtanmu na Najeriya sun cire tarihi daga ƙananan makarantunsu, bayan shekara goma da wani abu suka ga illar suka maido shi. Mu ba mu cire shi a takarda ba, kada mu cire shi a aikace ta hanyar barin malami hannu wofi.

Rediyo ma tana da nata kaso. Ƙasar nan ta kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo tun 1962, ta fara koyarwa ta talabijin a 1964, lokacin da ƙasashe da yawa ba su yi tunanin haka ba. Abin da aka iya a wancan zamani ba zai gagare mu yau ba. Malaman tarihi na Junju da Gaya da kewaye, ku haɗu ku raba darussan ƙarshen manhaja a tsakaninku, kowa ya ɗauki ɗaya, ya zo ya yi minti goma sha biyar a gaban makirfo. Yaron da ruwa ya tashi ajinsa zai ji a gida.

Iyaye, kalmar ƙarshe taku ce. Na san jarrabawa na faɗowa daidai lokacin shuka da noman fari, lokacin da kowane hannu ke da daraja a gona. Amma makonnin nan kaɗan ne, kuma ba su dawowa. A rage wa ɗan jarrabawa aikin gona, a rage wa ƴar jarrabawa daka da ɗiban ruwa da talla, a ba su fitila ko ta sola ce. Wanda ɗansa ke zaune gidan wani a Gaya ko Junju don karatu, ya aika masa da hatsi, ya kira mai masaukin ya yi godiya. Kakanni kuma, in jika ya zo da kaye yana tambayar labarin da, kada a kore shi a ce surutu ne. A zaunar da shi a gaya masa abin da aka sani, a kuma gaya masa daga bakin wa aka ji.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya saka wa malamansu da alheri.